Akushin Mu'azu Mai Inji

"To, bayan tuwon gidanka fa, Baba?"

"Sai shinkafar gidan Lawwali."

"Ita ma ka ci?"

"An kawo ta, ɗiyata. In ba a ci ba, mi za a yi da ita?"

Elisabatu ta ajiye biro ta dube shi. 'Yar ƙasar Zuru ce, amma ta daɗe tana aiki a wannan ƙaramin asibiti na wajen Wurno, har bakinta ya fara juyewa irin na mutanen garin. Tun da Mu'azu Mai Inji ya zauna a gabanta take fama da shi a kan tambaya guda, wato abin da ya ci daren jiya. Duk sanda ta ɗauka sun kai ƙarshe sai wani kwano ya sake ɓullowa. Bayan shinkafa akwai taliya da manja, bayan taliya akwai ɗanwake, sannan aka zagaya da ƙwaryar fura mai suga don a kora. Da ta tambaye shi ko gidan biki ya je, sai ya yi murmushi ya ce a'a, ƙofar gidansa ce kawai, kuma kowane dare haka take.

A ƙofar gidan Mu'azu da ke unguwar Magarya ake ciyayya. In an sallame magariba, magidantan unguwar kowa ya fito da kwanon gidansa, a jera a kan tabarma guda, a sa hannu tare. Elisabatu ta san wannan al'ada, kuma ba ta raina ta ba. Sai dai sugan Mu'azu ya hau sosai, ga wani ciwo a babban ɗan yatsan ƙafarsa da ƙarfen inji ya yanka tun kaka, har yanzu ya ƙi rufewa. Ta gaya masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Magani shi kaɗai ba zai yi ba sai ta san abin da ke shiga cikinsa kullum. Ko dai ya riƙa kawo mata bayanin duk abin da ya ci, su gyara tare, ko kuma ya bar tabarmar nan ya koma cikin gida, matarsa ta riƙa auna masa shi kaɗai.

Mu'azu ya murza hularsa. Ya ce a bar maganar cikin gida tukuna.

Sai aka zo kan yadda za a riƙe bayanin. Shi ajami yake rubutawa, ita kuwa boko kaɗai take karantawa. Can ta hangi wayarsa a aljihun gaba, ta tambaye shi ko ya iya ɗaukar hoto. Nan fuskarsa ta saki. Ai hoto abin aikinsa ne. In inji ya lalace yakan shimfiɗa buhu, ya warware kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a fili, ya haska, ya ɗauka, ya aika wa mai sayar da kayan gyara a Sakkwato. Elisabatu ta ce to, haka zai yi wa abincinsa, ranar asibiti ya zo su duba tare.

Mutanen fadama daga Wurno har gindin dam ɗin Goronyo sun san Mu'azu. Mahaifinsa da jigo ya yi ban ruwa, shi ma da jigo ya fara, yana yaro yana jan guga har tafin hannunsa ya yi kanta. Daga baya ya koyi gyaran keke, da injinan ban ruwa suka cika fadama kuma ya koma kansu. Ba shi da gaggawa. In aka kira shi, yakan ce a tayar da injin, ya tsuguna ya karkata kai yana saurare kamar mai jin ƙorafin tsohuwa, sai ya gama ji sannan ya buɗe jaka. Ba ya ɓoye wa manomi abin da ya gani. In laifin mai injin ne, ya bar shi babu baƙin mai ko ya bar yashi ya shiga, zai faɗa masa a hankali, ba a gaban mutane ba. Shi ya sa ko waɗanda ya yi wa faɗa suke sake kiransa.

Tabarmar kuwa gado ce. Mahaifinsa ne ya fara shimfiɗa ta, kuma Mu'azu ya tashi ya tarar tana da ƙa'idarta wadda ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Fitila nesa ake ajiye ta, a gindin bango. Mai gida ne ke buɗe kwano, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya buɗe na biyu sai an yi nisa da na farko. Ba a tambayar wannan na gidan wane ne. Mai gida kuma dole ya sa hannu a kowane kwano, domin matan cikin gida suna duba kwanonsu in ya dawo, kuma wadda aka maido mata da nata kamar yadda ya tafi ba za ta yi barci da daɗi ba. Da wannan ƙa'ida mai nama da mai miyar kuka tsura suke tashi a ƙoshe, babu wanda ya san na wane ya fi.

Mu'azu ya san duk wannan fiye da kowa. Amma akwai abin da ya hana shi tunani sosai a ranar: bai gaya wa kowa a tabarmar yana da ciwo ba. Yatsan yana cikin takalmin ruwa duk yini, da dare kuma yakan zauna ya lanƙwashe ƙafar a ƙarƙashin riga. Safara'u matarsa kaɗai ta sani. A ganinsa, namijin da ake kira ya ɗaga inji daga rami ba zai zauna yana ba maza labarin yawan fitsari da ƙishirwa ba.

Don haka da aka jera kwanuka a daren, bai yi wani bayani ba. Ya ce dai a dakata masa kaɗan. Ya bi su ya buɗe duka a lokaci guda, ya gyara musu zama a jere kamar kayan inji a kan buhu, ya miƙe tsaye ya ɗaga waya. Hasken ya faɗo a kan tabarma fari fat.

Komai ya fito. Ga shinkafar gidan Lawwali mai albasa tana ƙyalli da mai, da tsokar nama a sama. Ga tuwon Safara'u da miyar kuɓewa. A gefe kuma ga wani tsohon kwanon sha da aka mayar na tuwo, fentinsa ya ɓaɓɓare, cikinsa ɗan tuwon dawa ne da dafaffen ganyen zogale da aka yayyafa wa wake, babu ko ɗigon mai. Kowa ya san kwanon, don kowa ya ga wanda ya shigo da shi.

Na Sa'adu ne, taubashin Mu'azu, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Ambaliyar bana ta cinye masa shinkafa tana gab da yanka, kuma tun lokacin gidansa yake lallaɓawa. Tsakaninsa da Mu'azu wasa ne tun suna yara, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Sa'adu yakan ce Mu'azu bawansa ne da ya saya da ƙwaryar dusa, Mu'azu ya ce ai ko dusar ma aro ya yi.

Lawwali, wanda bakinsa ya fi tunaninsa sauri, ya yi dariya ya ce yau kam abincinsu zai shiga duniya, wanda bai sa mai ba ya shiga uku. Ba da mugunta ya faɗa ba. Sa'adu ma ya yi dariya tare da kowa, ya ce bawan nasa ya zama ɗan jarida. Aka ci abinci, aka yi hira, aka watse.

Washegari Sa'adu bai fito ba. Aka ce mura. Jibi ma haka. Kwanaki suka yi ta wucewa, wurin zamansa a gefen dama na tabarma ya zama fili, babu wanda ya matsa ya cike shi. Mu'azu ya ci gaba da ɗaukar hotonsa kowane dare, yana jin hirar ta yi sanyi, amma ya ɗora abin a kan rashin mai tsokana. Da ya haɗu da Sa'adu a masallaci, sai Sa'adu ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, ya kira shi Malam Mu'azu. Tun da suke bai taɓa kiransa Malam ba.

Ranar asibiti Elisabatu ta karɓi wayar ta fara daga hoton farko. Ta sa yatsu biyu ta buɗe shi ya yi girma, tana bi kwano kwano. Shinkafar nan, in ji ta, ɗan kaɗan, kamar cikin tafin hannu. Taliya a bar ta sai jefi-jefi. Fura a dama masa tasa ba suga. Da ta iso kan tsohon kwanon sai ta tsaya, ta ƙara buɗe shi har ya cika fuskar wayar.

"Wanga shi na naka, Baba. Ganye da wake da ɗan tuwon dawa. Da za ka samu irinai kullum, da mun huta. Wace ta dafa?"

Mu'azu ya zuba wa wayar ido. Yana kallon kwanon ne yadda bai taɓa ganinsa ba. Shekara da shekaru yana sa hannu a cikinsa a duhu, bai san fentin ya ɓaɓɓare haka ba, bai san tuwon bai kai rabin kwano ba. Ga shi yanzu a hannun baƙuwa, an buɗe shi ƙato, ana iya ƙirga ƙwayoyin waken. Abin da Sa'adu ya gani ke nan a daren, lokacin da hasken ya sauka.

Mu'azu ya ce da ita, cikin sanyin murya, wannan ba zai iya faɗa ba. Elisabatu ta dube shi, ta dubi hoton, ta mayar da shi ƙarami. Ba ta sake tambaya ba. Ta wuce sauran hotunan, ta ga ba a sake ganin kwanon ba, sannan ta miƙa masa wayar. Da ta gama wanke masa yatsa ta naɗe, sai ta tuna masa cewa sugan bai sauka ba, kuma maganar cikin gida tana nan.

A gida Safara'u ta ƙarasa masa abin da ya rage. Ta ce Adawiyya, matar Sa'adu, ta daina shigowa aron turmi. Magana ta zagaya a cikin gidaje cewa Mu'azu yana ɗaukar abincin mutane yana aika wa 'yan birni, wasu ma sun ce masu rabon tallafi yake kai wa don a san matalautan unguwa. Ta ce ita ba ta iya kare shi ba, tunda ya hana ta faɗin ciwon. Sannan ta kawo shawarar da ta fi sauƙi: ya naɗe tabarmar na ɗan lokaci, ya ci nasa a ɗaki, ƙura ta lafa, yatsa ya warke. Tana faɗa tana kallon ƙasa, don ta san shi. Ko azumin nafila ya yi, ba ya iya buɗa baki shi kaɗai sai ya leƙa waje ya nemo wani.

Mu'azu ya ce in ya naɗe ta yanzu, da wurin Sa'adu a buɗe, ba za ta sake shimfiɗuwa daidai ba.

Washegari da hantsi ya rataya jakar kayan aiki ya nufi fadama. Ya sami Sa'adu a 'yar gonar albasarsa yana ɗibar ruwa da bokiti daga rijiyar gona, injinsa na gefe an rufe shi da buhu. Ashe ya lalace tun kwanaki, bai kira shi ba. Wannan ya fi komai yi wa Mu'azu ciwo. Suka gaisa gaisuwar baƙi. Mu'azu bai nemi izini ba, ya yaye buhun, ya tsuguna, ya ja igiya ya saurara, ya buɗe jaka. Sa'adu ya ci gaba da ɗibar ruwansa kamar ba kowa a wurin.

Sai da ya warware abin da zai warware, ya wanke, ya mayar, sannan ya zauna a kan kunyar gona ya cire takalmin ruwa na dama. Ya kwance farin ƙyallen a hankali, ya miƙe ƙafar a rana.

"Sa'adu, zo ka gani."

Sa'adu ya ajiye bokiti ya matso. Ya daɗe yana kallon yatsan. Mu'azu ya gaya masa komai a taƙaice: ciwon suga, ƙishirwar dare, yadda ma'aikaciyar asibiti ta ce ko hoto ko cikin gida, da yadda kunya ta hana shi faɗa. Ya ce ya rufe nasa asirin da takalmi, ya je ya buɗe na wani da fitila, kuma ba shi da abin da zai kare kansa da shi.

"Wa ya gani?" in ji Sa'adu.

"Mutum guda. Ta tambayi mai shi, ban faɗi ba."

"Mi ta ce?"

Mu'azu ya kori ƙuda daga kan yatsan. Ya san amsar tana iya zama wani sabon ciwo, kamar yana lallashinsa ne da daɗin baki. Amma bai saba gyara magana ba, don haka ya faɗe ta yadda take: ta ce duk tabarmar, wannan kwanon ne kaɗai zai iya ci ya ƙoshi ba tare da ya cutu ba. Ya ciro wayar, ya nemo hoton, ya nuna masa inda ake dannawa a goge, ya miƙa masa. Sa'adu ya goge yatsansa a riga, ya danna, bai kama ba saboda laka. Ya sake gogewa ya danna, hoton ya tafi.

Bai ce ya yafe ba, bai ce zai zo ba. Ya ce dai a rufe ƙafar nan kada ƙuda su same ta. Mu'azu ya naɗe, ya sa takalmi, ya ja igiyar inji, ruwa ya taso ya bi magudana. Ya tattara kayansa ya tafi.

Da yamma ya sa Safara'u ta binciko masa wani ɗan akushi na mahaifinsa, baƙi, wanda bai fi tafi biyu ba, ta wanke. Bayan magariba, da aka jera kwanuka, kafin ya taɓa murfin ko ɗaya, ya gaya wa mazan tabarma abin da ke damunsa, da bakinsa, ba ragi. Ya ce daga yau zai sa hannu a kowane kwano kamar yadda aka saba, don kada matar kowa ta ga an ƙi nata, amma abin da ya ɗebo a akushin nan zai zuba, kuma in ya cika ya cika ke nan. Akushin kaɗai zai ɗauka hoto, a cikin zaure, ya juya wa tabarma baya. Kada wani ya ɗauka ƙyamar hannunsa yake yi.

Lawwali ya gyara zama. Can ya ce shi ma kwanan nan yana yawan tashi da dare, amma nasa shayi ne.

Ana cikin haka aka ji takun mutum daga lungu. Sa'adu ne, da kwanonsa a hannu, an rufe da faifai. Ya ajiye shi a tsakiyar sauran, ya zauna a gefen dama, ya gyara riga.

"Ina bawan nan nawa? An ce yanzu sai da abincin gidana yake rayuwa. To a buɗe nawa da farko, kada ya mutu a ce ni na yi sakaci da dukiyata."

"Dukiyar da anka saya da dusar aro," in ji Mu'azu, yana janyo kwanon.

Tun daga ranar, hotunan da ke wayar Mu'azu iri ɗaya ne: baƙin akushi a kan dakalin zaure, rabinsa ganye da wake, gefe ɗan tuwo, wani lokaci lomar shinkafa a baki-baki. Babu wanda zai duba ya ce wannan daga gidan wane ya fito. Ba a ce komai ya gyaru ba. Gidan Lawwali har gobe taliya da manja suke aikowa, sai dai yanzu akan ga ɗan kwaɗon rama a gefe, wanda ba wanda ya roƙa. Mu'azu kansa yakan karya doka. Ranar kasuwar Gandi ya sha rake har gaɓa uku, amma kafin ya sha sai da ya jingina su da jakarsa ya ɗauke su hoto. Da Elisabatu ta gani ta riƙe baki, ya ce ai cewa ta yi duk abin da ya ci, ba ta ce duk abin da ya dace ba.

A zuwansa na bayan nan ta kwance ƙyallen ta ga bakin ciwon ya haɗe, saura ɗan tabo ja. Ta auna sugan, ya sauka, ko da yake bai kai inda take so ba. Ta bi hotunan akushin tana gyaɗa kai, ta ce a rage tuwon kaɗan, a ƙara wake, kuma maganin safe kada ya kuskura ya bari don ya ga sauƙi. Shi dai yana zaune yana jiran magana guda. Da ta lura, sai ta yi dariya ta ce ya bar tabarmarsa inda take.

Bai gama yi mata godiya ba wayar ta yi ƙara a hannunta. Ta miƙa masa. Wani manomi ne daga wajen Goronyo, injinsa yana tashi yana mutuwa, albasa kuma tana neman ruwa. Mu'azu ya ce masa kada ya sake jan igiyar, ya bar shi yadda yake. Ya zura ƙafa a takalmi, ya rataya jaka, ya leƙa ciki ya tabbatar ƙunshin dafaffen waken da Safara'u ta sa masa yana nan, ya fita ya nufi bakin titi inda masu babur suke tsayawa.